LAWASHIN ALBASA DA ABIN DA KE CIKINSA

A hutun da ya wuce na je gida, na tarar ana cirar albasa a lambun kawuna can bakin fadama. Aikin kuwa kowa ya san yadda a ke yinsa. Manya suna tumɓukewa, yara suna bi da wuƙa suna yanke ganye, a tara kawunan wuri guda domin buhu, ganyen kuma a watsar gefen fangali. Waɗansu mata suka zo da ƙorai suka ɗebi wanda za su daka su yi gabu, awaki suka ci iyakar cinsu, saura ya kwana nan rana ta ƙone shi. Da magariba muka koma gida aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Tun ran da na sauka har ran da na tashi, kwana goma sha biyu, ban ga ɗanyen ganye ya shiga tukunyar gidanmu ba, ga shi kuwa mun baro tulinsa a lambu.

A lokacin ban damu ba, gama haka na tashi na ga ana yi. Sai da muka dawo makaranta aka nuna mana wani jadawali wanda masanan Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka suka tsara, inda suka auna abin da ke cikin ko wane irin abinci. Na dubi layin kan albasa, na dubi layin ɗanyar albasa mai ganye, na sake dubawa don ina tsammani idona ne ya tsallake layi. Ashe a cikin abubuwan da jikinmu ya fi rasawa da rani, abin da mu ke zubarwa ya fi abin da mu ke ɗurawa a buhu. Don haka na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na fahimta, da ya ke yawancinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa, inda lambu ya ke kusa, asibiti kuwa da nisa.

Bari mu fara da sanin ita kanta shukar. Mutane da yawa suna zaton kan albasa saiwa ne kamar rogo ko dankali. Ba haka ba ne. Saiwar albasa su ne 'yan zaren nan farare da ke ƙarƙashi. Kan da mu ke ci kuwa gindin ganye ne ya kumbura. In ka tsaga ɗanyar albasa a tsaye, ka bi ganye ɗaya da yatsa tun daga tsininsa, za ka ga ya gangara ya zama ɗaya daga cikin ɓawon nan masu kauri da ke lulluɓe da juna. Watau lawashi da albasa jiki ɗaya ne, sai dai aikinsu ya bambanta. Na sama shi ne gona, na ƙasa shi ne rumbu. Ganyen yana karɓar hasken rana, ya sha iska, ya jawo ruwa daga saiwa, ya haɗa su ya yi sukari, sa'an nan ya tura sukarin ƙasa a ajiye don shukar ta sami abin yin fure da iri a shekara ta biyu. Duk wanda ya riƙe wannan zai gane sauran maganar ba wuya. A rumbu ba ka samun kome sai hatsi, amma kayan aiki, da fartanya da lauje da magirbi, a gona su ke. Yawancin abubuwan da za mu ambata masu amfani kayan aikin ganye ne, don haka a ganye su ke zaune.

Asalin albasa daga tsakiyar ƙasashen Asiya ne, sunanta kuwa daga Larabci muka aro shi. Akwai wata 'yar'uwarta da mutanen Sin da Japan su ke shukawa, wadda ba ta yin kai ko kaɗan, don ganyenta kawai a ke nomanta. Tamu ta nan, irin wadda a ke nomawa a Aliero ta Jihar Kebbi, da Galmi ta ƙasar Nijar wadda jar albasarta ta yi suna har ƙetare, mai kai ce, lawashinta kuwa ana samunsa ne a hanya, ko sa'ad da a ke rage dashe, ko ran cira.

To, yaya masana su ke sanin abin da ke cikin ganye? Mafarin aikin ba shi da wuya, ko malamin ƙauye ya iya yinsa gaban yaransa in ya sami ma'auni mai kyau. A yanka lawashi a auna giram 100, watau kamar cikin kofin shayi guda. A shanya shi har ya bushe ƙayau, a sake aunawa. Za a tarar abin da ya rage bai wuce giram 10 da 'yan kai ba, sauran 90 ɗin ruwa ne ya tashi. Hausawa su kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, to, ga shi kuwa kashi tara cikin goma na jikinta ruwa ne, sauran kashi ɗayan ne ya ɓata mata suna. A cikin wannan giram 10, kimanin 7 dangin sukari ne da harza, watau zare-zaren ganye wanda ciki ba ya narkarwa amma yana taimakon hanji ya fid da bayan gida ba wahala. Furotin, abin da ke gina tsoka, bai cika giram 2 ba. Mai kuwa sai a ce babu.

Nan ya kamata in faɗi gaskiya tun da wuri, kada wani ya ce na zo tallan lawashi. Ba abincin ƙoshi ba ne. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da wani awo wai shi kalori. Giram 100 na lawashi yana ba da kalori 32 kaɗai, na kan albasa 40, na gero kuwa fiye da 350. Manomin da ke bukatar kalori 2,500 a yini, in ya ce da lawashi zai rayu, sai ya ci kusan kilo 8 tsakanin safe da dare. Ko akuya ba ta yi wannan ba. Tuwo shi ne abinci, lawashi mataimaki ne.

Yanzu a ɗauki busasshen ganyen nan a ƙone shi bisa murfin gwangwani har ya zama farar toka. Tokar ba za ta cika giram 1 ba, amma a cikinta ma'adinan da shukar ta tsotso daga ƙasa su ke. Kafin in ba da lissafinsu sai in bayyana awon, don ƙanƙane ne ƙwarai. In aka raba giram ɗaya kashi dubu, ko wane kashi sunansa miligiram. Ƙwayar gero ɗaya ta kan yi nauyin miligiram 10 ko ƙasa da haka kaɗan. A giram 100 na ɗanyar albasa da ganyenta akwai fotashiyam miligiram 276, shi ne gishirin da ke sa ruwan toka ya yi kaifi, a jiki kuwa yana taimakon zuciya da tsoka. A kan albasa 146 ne. Kalsiyam, wanda a ke gina ƙashi da haƙori da shi, 72 ne a mai ganye, 23 a kai. Ƙarfe kuwa, wanda ke sa jini ya yi ja ya iya ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, miligiram ɗaya da rabi ne a mai ganye, a kai kuwa kashi ɗaya cikin biyar na miligiram. Ka ga ninki bakwai ke nan. Lissafin nan na albasar da aka shuka a wata ƙasa ne, kuma an auna ta da farin gindinta duka. Ƙasa da taki da irin shuka su kan sa adadin ya hau ko ya sauka, amma rinjayen ganye a kan kai ba ya juyawa.

Zancen ƙarfe yana da 'yar sarƙa. Namiji baligi yana bukatar kamar miligiram 8 a yini, mace mai haila 18, mai ciki 27. Kuma ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama, hanji kaɗan ya ke tsinta daga ciki. Abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne bitamin C in an ci su tare, abin da ke rufe ta kuwa shayi mai kauri in an sha shi bisa abinci. Lawashi yana da ƙarfen yana kuma da mabuɗin, saboda haka in ya shiga wake ko dambu ba nasa kaɗai ya ke kawowa ba, har na waken ya ke taimaka a samu.

Mun iso ga bitamin, waɗanda ba a ganinsu a toka domin wuta ta cinye su. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, shi ya raɗa musu wannan suna a 1912. Abubuwa ne da jiki ke bukata 'yan mitsi-mitsi, amma in babu su sai cuta ta bayyana ko da ciki cike ya ke da tuwo.

Wanda ya fi damuna shi ne bitamin A, saboda dundumi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yaron da da rana ba abin da ke damunsa, amma da rana ta faɗi sai ya riƙa laluben bango, ya yi tuntuɓe da turmi, ya zauna wuri ɗaya ba ya bin 'yan'uwansa wasan dare. A can bayan ido akwai wani sinadari mai karɓar haske in ya yi ƙaranci, da bitamin A kuwa a ke ƙera shi. In bitamin ɗin ya ƙare a jiki, ganin dare shi ke fara tafiya. In abin ya daɗe sai farin ido ya bushe, baƙin ya yi gyambo, yaro ya makance har abada, kuma tun kafin a kai nan kyanda da gudawa sun fi saurin kayar da shi. Shi bitamin A sosai a hanta ya ke, da ƙwai, da man shanu, abubuwan da ɗan talaka ba ya gani kullum. Amma Allah da ikonsa ya sanya wani abu rawaya a cikin ganyaye, ana ce da shi karotin, wanda jikin mutum ke juyawa ya zama bitamin A. Wani Bature a Kambirij ta Ingila, Thomas Moore, shi ya tabbatar da haka a 1930, da ya ciyar da ɓeraye karotin ya tarar bitamin A ya taru a hantarsu.

Mai karatu zai ce, ina rawaya a lawashi, ai kore ne shar? Rawayar tana nan, koren ne ya rufe ta. Shi koren, wanda a ke kira kulorofil, shi ne tarkon da ganye ke kama hasken rana da shi, karotin kuwa yana tare da shi yana tsare shi kada zafin hasken ya lalata shi. Dubi ganyen da ya fara yaushi. Koren ya kan riga lalacewa, sai rawayar da ke ɓoye ta fito fili. Kan albasa da ya ke a cikin duhun ƙasa ya girma, ba ya bukatar tarko balle mai tsaronsa, don haka karotin ɗinsa sifiri ne. Ko a jikin lawashin ma, tsinin nan mai duhun kore ya fi farin gindi nesa ba kusa ba, shi ne kuwa wanda mata su kan fara gutsurewa su yar.

Kada dai mu zarce. In aka raba miligiram kashi dubu, ko wane kashi shi ne maikirogiram. Giram 100 na ɗanyar albasa mai ganye yana ba da kamar maikirogiram 50 na bitamin A, yaro ƙarami kuwa yana bukatar 300 zuwa 400 a yini. Ganyen zogale ya ninka lawashi sau bakwai, karas ya ninka shi fiye da sau goma sha biyar, manja kuwa ya fi su duka. Saboda haka yaron da dundumi ya riga ya kama, asibiti za a kai shi, kuma ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 kada a bari ya wuce shi. Darajar lawashi a wani wuri ta ke. Yana zuwa ne a tsakiyar rani, sa'ad da rama da yakuwa da tafasa na damina suka ƙare sai busassu, ba a sayensa da tsada, a gidan mai lambu ma kyauta ne, kuma ba yaron da zai ture akushi don an sa masa shi, gama daɗi ya ke ƙara wa miya. Da babu gara ba daɗi, balle ga daɗin. Sharaɗi ɗaya ne: karotin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. In aka ci lawashi ba ko ɗigon mai, yawancin karotin ɗin wucewa zai yi. Cokali guda na man gyaɗa ko manja, ko ƙuli-ƙulin da a ke kwaɗo da shi, ya isa ya ɗauke shi zuwa jini.

Bitamin C halinsa dabam ne. Shi ke riƙe dasashi da fata da jijiyoyin jini, rashinsa kuwa shi ne cutar da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a zamanin da, haƙoransu su yi ta girgiɗi, tsohon rauni ya sake buɗewa, har likita James Lind ya gwada ba su lemo a 1747 ya ga sun warke. Lawashi yana da miligiram 19 cikin giram 100, watau nauyin ƙwayar gero biyu, kan albasa kuwa 7. Baligi yana bukatar daga 45 zuwa 90 a yini, gwargwadon lissafin hukumomi dabam dabam. Amma wannan bitamin rago ne. Yana narkewa a ruwa, zafi yana kashe shi, iska tana cinsa da zarar an yanka ganye an ajiye. Babban abokin gabansa kuwa yana cikin ko wane madafi a ƙasarmu, watau kanwa. Shi bitamin C ɗan gidan tsami ne, aikin kanwa kuwa kashe tsami. Uwargida ta kan jefa kanwa don ganye ya yi laushi da wuri ya kuma tsaya kore, ido ya ga miya ta yi kyau, alhali bitamin C ya tafi. Dabara ita ce a yanka lawashi sai an kusa sauke tukunya, a zuba, a rufe, ya yi minti biyu ko uku, a sauke.

Inda ganye ya yi wa kai fintinkau shi ne bitamin K. Wani masani ɗan Danmak, Henrik Dam, yana kiwon 'yan tsaki a 1929 da abincin da aka tsame wa mai, sai ya ga jini yana zubo musu ƙarƙashin fata ba ya daskarewa. Ya bi sawu har ya gano akwai wani abu a koren ganye da ke hana haka, ya sa masa harafin K daga kalmar daskarewa a harshensu, aka ba shi kyautar Nobel ta 1943. A giram 100 na albasa mai ganye akwai maikirogiram 207, a kai kuwa bai kai rabin maikirogiram ba, ninki ɗari biyar ke nan. Dalili kuwa shi ne wanda muka faɗa tun farko, bitamin K yana cikin kayan da ganye ke sarrafa haske da su. Baligi yana bukatar kamar 90 zuwa 120 a yini, ashe rabin kofi ya biya. Zafi kuma ba ya cinsa kamar yadda ya ke cin C. Gargaɗi guda: wanda likita ya ɗora bisa maganin tsinka jini mai suna warfarin, kada ya tashi rana ɗaya ya yawaita cin ganye ko ya daina, sai ya shawarci likitansa, gama bitamin K yana rage ƙarfin maganin.

Saura folet, wanda sunansa ma daga kalmar ganye ya fito a Latin. Wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ita ta fara gano alamarsa a 1931, tana binciken ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki a Bombai, garin da yanzu a ke kira Mumbai. Lawashi yana da maikirogiram 64, kai yana da 19. Mai ciki tana bukatar ninkin wannan kusan sau goma, don haka ƙwayar da a ke ba ta wurin awo ba ta da madadi.

Yanzu sai halin nan da ba na ruwa ba, watau yaji da wari da hawaye. Duk daga farar wuta su ke, wadda masu Larabci ke kira kibiritu. Albasa tana tsotso ta daga ƙasa ta ƙera wani sinadari da ita ta ajiye. In ka dubi ɓawon albasa a madubin likita za ka ga jikinsa 'yan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma. A ko wane ɗaki sinadarin nan yana gefe guda, wani abu kuma mai farfasa shi, wanda masana ke kira inzam, yana kulle cikin 'yar jaka. Muddin ba su gamu ba, ba wari ba yaji, shi ya sa albasar da ba a taɓa ba ba ta sa kowa kuka. Da wuƙa ta ratsa, ko haƙorin akuya, ko bakin tsutsa, sai jakar ta fashe, su haɗu, nan da nan wani tururi ya tashi ya sami ido, ido kuwa ya kawo ruwa don ya wanke kansa. Makami ne shukar ta tanada don masu cinta. Artturi Virtanen na ƙasar Finlan shi da abokin aikinsa suka ware sinadarin farko a 1961. An daɗe ana zaton inzam ɗaya ne ke yin aikin duka, sai a 2002 waɗansu masana a Japan suka gano akwai na biyu, wanda aikinsa kawai ƙera mai sa hawayen. Lawashi yana da waɗannan duka, sai dai bai kai kai ƙarfi ba. Ƙasa mai yawan farar wuta kuma ta kan ba da albasa mai zafi, mai ƙarancinta ta ba da mai zaƙi.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya kusanci masallaci da warinta, an kuma ruwaito Sayyidina Umar ya yi umurni wanda zai ci ya dafa ta tukuna. Ilmin sinadari ya nuna dalilin da dahuwa ke magani: zafi yana kashe inzam ɗin, ya kuma kori mai warin ya bi tururi. Tafasa 'yar kaɗan ɗin nan da na ambata ta rage wari ƙwarai ba ta gama da bitamin C ba. Mai son ɗanye a kwaɗo kuwa sai ya dubi lokacinsa.

Game da magani, na ji ana faɗin abubuwa da yawa. Gaskiya ne ruwan albasa yana kashe waɗansu ƙwayoyin cuta in an ɗiga musu shi a faranti a ɗakin bincike. Amma faranti dabam, jikin mutum dabam, ba a kuwa warkar da zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka da albasa. Zancen da a ke yi wai in ka yanka albasa ka ajiye a ɗaki za ta tsotse cutar da ke cikin iska, wannan tatsuniya ce. Abin da na yarda da shi ƙarami ne amma tabbatacce: mutanen da kan albasa ke kumbura wa ciki, saboda wani irin sukari mai suna furuktan da ta ke ajiyewa a rumbunta, yawancinsu su kan ci koren ganyen lafiya, gama shi kaɗan ya ke da shi.

Akwai haɗari biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko ruwan ban-ruwa. Ganyen albasa bututu ne, gindinsa kuma ninki-ninki, ƙazanta tana samun wurin maƙalewa. A 2003, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, mutum fiye da 600 suka kamu da ciwon hanta mai kawo shawara, waɗansu suka mutu, da aka bincika aka tarar ɗanyen lawashi ne da aka kawo daga Meziko aka ci ba dahuwa. In haka ta faru a can, ina ga lambunan gefen birni da a ke shayarwa da ruwan kwata? Lawashin da ba ka san ruwan da ya sha ba, a ɓare ɓawon waje, a wanke da ruwa mai tsabta, kuma a dafa shi. Na biyu dabbobi. Sinadarin farar wutar nan da ba ya yi mana kome yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin shanu da dawaki da karnuka da kyanwoyi in sun ci da yawa, sai a ga dabba ta yi laushi, fitsarinta ya yi ja. Tumaki da awaki sun fi jurewa, amma sakin shanu cikin tulin lawashi da ruɓaɓɓiyar albasa kwana da kwanaki ganganci ne.

Gabu fa? Hikima ce ta iyayenmu, ba na raina ta, gama ita ke kai ɗanɗanon albasa har damina. Ma'adinai duk suna nan a cikinsa, ƙarfe da kalsiyam ba sa tashi da rana, har ma sun taru wuri ɗaya da ya ke ruwa ya fita. Amma daka yana farfasa 'yan ɗakunan nan iska ta shiga, rana kuma ta bi ta kansu, saboda haka bitamin C kusan duk ya kan tafi, karotin ma rana tana cin babban rabonsa. In aka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, bisa tabarma a rumfa ko a zaure, ya kan ɗauki kwanaki fiye da na rana, amma ya fi riƙe korensa, inda kore ya tsaya kuwa karotin ma ya fi tsayawa. A ajiye shi cikin tulu mai murfi, kada haske ya same shi.

Da na kawo wa kawuna wannan magana sai ya ce, to, in ya bar mata suna tsinkar ganye tun albasa tana ƙarama, me zai sa a buhu? Gaskiyarsa kuwa, gama wanda ya yanke ganye ya rufe gonar da ke cika rumbu, kan ba zai yi girma ba. Ran cira kuma ganyen ya riga ya fara kwanciya, ya tura yawancin abin da ke gare shi ƙasa, bai kai na ƙuruciya ba. Muka yi shawara a kan bana zai ware fangali biyu a ƙarshen lambu, ya dasa su da yawa kusa da juna ba don kai ba, a riƙa yanka ganyen ana barin kamar yatsa uku bisa ƙasa. Ya kan sake tohowa cikin mako biyu ko uku in ana ba shi ruwa. Irin da ya rage bayan dashe ma, wanda da a ke zubarwa bakin rijiya, za a riƙa kai shi gida.